Shekara Bakwai Ba a Yi wa Moda Aski Ba

Da kakar bana mahaifina, Malam Idi Mai-igiya, ya cika shekara bakwai a ƙasa. Allah ya ji ƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Ba malami ba ne, bai riƙe sarauta ba, ban kuma taɓa jin an buga labarin mai tufkar igiya a jarida ba. Ni da nake rubutun nan karatuna bai wuce aji huɗu ba, inda na karkace a yi mini uzuri. Abin ne ya cika mini ciki, na rasa wanda zan faɗa wa a gida ya tsaya ya ji har ƙarshe.

Ƙauyenmu yana gindin duwatsu a ƙasar Doguwa. Duk wanda ya san wajen ya san moda, amma maigidana ya ce a birni akwai waɗanda ba su san sunanta ba ko sun gan ta, don haka bari in faɗa. Ba ta da kara, ba ta da reshe. Ganye ne kawai yake fitowa daga ƙasa, mai kauri, ya miƙe tsaye kamar takobi, wani har ya kai ƙugun mutum. Jikinsa roɗi-roɗi ne, kore mai duhu da kore mai haske a gicciye, kamar bayan kububuwa. Gefen ganyen yana da wani siririn jan layi, kansa kuma yana da tsini. Akuya ba ta damu da ita ba. Fari ba ya kashe ta. Ko wutar daji ta bi ta kanta, ruwan farko yana sauka za ka ga ta leƙo. Jefi-jefi takan yi farin fure a kan wani dogon tsinke, da magariba ƙamshinsa ya cika wuri, tururuwa su yi ta hawa saboda wani danƙo mai zaƙi da yake tsattsafowa. Wasu suna dasa ta a bayan ɗaki, wai tana korar maciji. Baba in ya ji haka yakan yi dariya. Ya ce bai san iyakar macizan da ya tarar suna shan inuwa a cikinta ba.

Da ita da gona ya ciyar da mu. Yakan yanko manyan ganye ya bar ƙanana, ya daddaka su a kan gungume, ya kai rafi ya danne da dutse har sai sun ruɓe. In ya kwaso su, warin da suke yi sai Inna, mahaifiyarmu, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana toshe hanci tana cewa, “Malam, don Allah can baya, muna da baƙi.” Ko babu baƙin haka take faɗa. Sai ya kankare da bayan wuƙa, ya wanke, ya shanya a kan danga. In ya bushe fari fat, kamar furfurar tsohuwa. Daga nan sai murza a cinya. Har yau ina ganin cinyarsa ta dama, babu gashi ko ɗaya, ta yi sulɓi kamar bayan ƙwarya. Yana tufka igiyar guga, da dabaibayi, da ragaya, da dangwali, wato doguwar igiyar nan da Fulani suke jera maruƙa a jikinta. Maharba daga wajen dajin Falgore sukan zo takanas don tsirkiyar baka. Ita ce ba ya bari kowa ya taɓa masa. In ya gama zai ɗaure ta, ya kawo kunne kusa, ya fizge ta da ɗan yatsa ya saurara. In kukan bai yi masa ba, warwarewa yake yi ya sake.

Yanzu in na ga igiyar roba da ake kawowa daga kasuwar Tudun Wada, shuɗiya da ja da ruwan ɗorawa, nakan ce ko me Baba zai ce. Na san ba zai zage ta ba. Ya riski farkon zuwanta, ya juya ta a hannu ya ce gaskiya wannan ba za ta ruɓe a rijiya ba. Maharban ma yawancinsu sun koma bindiga. Abin da na tabbata zai ba shi dariya shi ne labarin da maigidana ya zo da shi daga Kano, wai ya ga moda a cikin tukunyar siminti a ƙofar wani ofis, ana ba ta ruwa safe da yamma kamar majinyaciya.

Amma ba sana’arsa ce ta sa ni rubutu ba. Iyaka ce.

Gonarmu tana maƙwabtaka da gonar wani dattijon Bafulatani, wanda iyayensa suka zauna nan tun da daɗewa, suna kiwo suna noma. Surukina ne yanzu, ba zan kama sunansa ba. Baffa muke ce masa tun muna yara. Shi da Baba tare suka tashi. Tun kafin a haife ni suka ɗaura igiya daga gindin wata ɗorawa zuwa wani baƙin dutse da ke can ƙarshen gonakin, suka dasa moda a bin igiyar, ta miƙe sak kamar tsirkiya. Kowa a ƙauyen ya san ita ce iyaka. Mutane sun yarda da iyakar moda fiye da ta dutse, don dutse ana iya ture shi, moda kuwa ba ta mutuwa.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba, moda tafiya take yi. Saiwarta kamar citta take, mai kauri, bayanta ja-ja, cikinta fari. A ƙarƙashin ƙasa take rarrafe, ta yi taƙi guda ta fito da sabon toho, shi ma ya miƙa tasa saiwar gaba. Shi ya sa duk shekara, in an kwashe amfanin gona, Baba da Baffa suke ware yini guda su yi mata abin da suke kira aski. Ni nake kai musu abinci, shi ya sa na gani da idona. Kuma ba yadda mutum zai zata suke yi ba. Ba wanda yake haƙa gefen gonarsa. Baba ne yake tsallakawa gonar Baffa ya tuge wadda ta shiga can, Baffa ya tsallako gonarmu ya tuge wadda ta shigo nan. Na taɓa tambayar Baba dalili. Ya ce, “In mutum yana aske nasa gefen, hannunsa yakan yi nauyi bai sani ba.”

Yini suke yi suna tsokanar juna. Baba ya ce, “Riƙe fartanyar da kyau, Bafillace, ba sanda ba ce.” Baffa ya ɗago wata doguwar saiwa yana nuna masa, ya ce, “Dubi nan, Kaɗo. Modar nan halinku ta ɗauko, kullum tana cikin gonar mutane.” Baba ya ce, “A’a, naku dai. Ka taɓa ganin ta zauna wuri ɗaya?” In rana ta take sai su zauna a gindin ɗorawa, tuwonmu da nonon gidan Baffa a tsakiya. Ganyen da aka tuge Baba ya kwaso, bayan ’yan makonni ya aika wa Baffa da sabon dangwali.

Baba ya rasu dawa tana tsaye a gona, bayan ’yar gajeriyar jinya. Ba a kai ga askin shekarar ba. Baffa ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Da shekara ta zagayo aka ɗaura mini aure da ɗan Baffa, wanda dama muna son juna tun Baba yana da rai. Da na haihu namiji, Baffa da kansa ya raɗa masa sunan Baba. Ni Abba nake ce masa. Baffa kuwa Aboki yake kiransa.

To, ga inda abin ya karkace, kuma na daɗe ina juya shi a raina ban ga wanda ya yi da mugun nufi ba. Baffa bai sake zuwa iyakar nan ba. Surukata ta ce mini shekarar farko ya ɗauki fartanya har ya kai bakin rafi, ya dawo. Ya ce abokinsa ba ya nan, in aka gan shi shi kaɗai yana haƙa a cikin gonar marayu me za a ce? Kara ce irin tasu da kawaici. Ya bar wa ’ya’yansa gonar gaba ɗaya, ya koma wajen shanu. Su kuma suka shigo da garmar shanu, ita kuwa ba ta san aski ba, duk damina sai ta shafci gefen modar ta wajensu. A namu gefen, yayana Sani, wanda shi ne babba kuma namiji ɗaya a ɗakinmu, ya tafi Ƙafin Maiyaki yana acaɓa, ’yan ƙwadago yake turowa. Su kuma ba sa son matsawa kusa da moda, ga tsini ga tsoron maciji, duk inda ta fito sai su kauce mata. Ana cin ta ta can, tana shigowa ta nan. Bakinta biyu suna nan inda suke, a ɗorawa da dutse, amma tsakiyarta ta lanƙwaso cikin gonarmu kamar baka. A wajen da ta fi shigowa ta ci kunyar shuka biyu, ta kama ta uku.

Damina biyu da suka wuce, lokacin da man fetur ya yi wuya, Yaya Sani ya dawo zai yi noman da kansa. Ya ga gona ta tsuke. Ya yi wa ’ya’yan Baffa magana, suka ce ga moda nan, ba wanda ya taɓa ta. Aka je wajen mai unguwa, ya ce shi dai tun tasowarsa moda ya sani a matsayin iyaka. Da aka tambayi Baffa ya ce abin da Idi ya dasa ba ya ƙarya. Da zuciya ɗaya ya faɗa, don shi a ransa tana nan yadda ya bar ta. Yaya kuwa zuciya ta ɗebe shi. Ranar kasuwar Tudun Wada ya sami Baffa a kara, wajen cinikin shanu, cikin mutane, ya ce, “Baffa, ashe haka ake riƙon amana? Gonar marayu?” Waɗanda suke wurin sun ce Baffa juyawa kawai ya yi. Ya saɓa sandarsa ya bar kasuwar, bai sayar da abin da ya kai ba. Maganar da ya guda tun farko, har ya bar aikinsa saboda ita, ita ce aka jefe shi da ita.

Da yammacin ranar maigidana ya tsaya a ƙofar ɗakina, ko zama bai yi ba. Ya ce, “Hajara, ba ke ba gidanku sai ranar da yayanki ya zo ya durƙusa gaban Baffa.”

Rafi ɗaya ne tsakaninmu da gidanmu. In na tsaya a bayan garke ina hango kan rimin ƙofar gidan, wani lokaci har hayaƙin girkin Inna. Abba lokacin yana koyon magana. Inna kuma ta fara ƙorafin yanar ido, tana cewa kamar hazo take gani. Duk wanda ya zo daga tsallake sai na tambaye shi idon Inna, kowa ya ce da sauƙi, yadda suke faɗar da sauƙin ne yake tsinka mini zuciya. Ba irin bayanin da ban yi ba. Na gaya wa maigidana yadda ake askin, ya ce ɗan’uwana nake karewa. Na aika wa Yaya ta bakin ƙanwar Inna, ya ce a gaya mini na sha nono na zama Bafulatana. Baffa kuwa ba a yi masa maganar ma, surukata ta ce ya rantse ba zai taka wurin ba.

A cikin wannan zama ne na fi tuna Baba. Nakan ce da zai leƙo ya ga abin da ya dasa don kada a yi faɗa shi ne ya raba jikansa da matarsa, wa zai fara yi wa faɗa? Ina jin ba zai yi wa kowa ba. Ba mai faɗa ba ne. Ina jin kansa zai zarga, ya ce ya koya wa Sani noma da sallah, bai taɓa kai shi aski ba, don yini ne na shi da abokinsa, ba sa son kowa a ciki. Abin da ya fi yi musu daɗi a shekara, shi ne ba su bar wa kowa ba.

Ƙarshen daminar nan Abba ya tashi da ciwon kunne. Tun safe yake kuka yana jan kunnen hagu, ya ƙi koko, ya ƙi goyo. Ni dama ba ni da ƙarfin zuciya a kan yaron nan. Baffa ya jiyo daga rumfarsa ya ce, “Me ya sami Aboki?” Aka gaya masa. Ya ce Idi ganyen moda yake turawa cikin rushi, in ya yi laushi ya matse ruwan ya huce a ɗiga a kunne. Ya dubi tsakar gida, maza duk sun fita da shanu. Sai ya sa takalminsa ya ɗauki wuƙa.

Ya daɗe bai dawo ba, fiye da yadda tafiyar take. Da ya shigo ya miƙa wa surukata ganyen, ya koma rumfa ya zauna, ranar ko fura bai sha ba. An ɗiga wa Abba ya ɗan samu barci. Washegari da kunnen ya fara ruwa maigidana ya ɗauke mu zuwa asibiti, malamin ya ba da magani, ya ce kunnen da yake ruwa kada a ƙara zuba masa komai. Alhamdu lillahi ya warke. Amma har yau nakan laɓaɓo ta bayansa in kira sunansa a hankali ta gefen hagu, in ga ko zai juyo. Yana juyowa. Gobe ma sai na sake.

Ashe abin da ya tsayar da Baffa, da ya je ya yanki ganyen a gindin ɗorawa, ya ɗaga kai ya dubi dutse yadda suka saba dubawa shi da Baba. Ya ga bakan da idonsa.

Bai gaya wa kowa ba sai da aka karye masara. Rannan da safe ya fito da fartanya da wani ƙunshin tsofaffin igiyoyi, duk tufkar Baba, waɗanda ya adana. Ya ƙuƙƙulla su, ya ɗaura daga ɗorawa zuwa dutse. Sannan ya tsallaka gonarmu ya fara haƙa. ’Ya’yansa suka bi shi suna ba shi haƙuri, wani ya ce a bar musu su yi, wani ya ce mutane za su ce an amsa laifi. Ya ce, “Ku koma. Wannan gefen nawa ne tun ba a haife ku ba.” Tsoho ne mai ciwon gwiwa, kwana da kwanaki ya yi yana abu ɗaya. Ni na riƙa kai masa abinci, kamar da. Wata rana na tarar ya ɗago wata saiwa da ta fi kamu guda tsawo, yana kallonta, bakinsa yana motsi. Da ya gan ni ya ajiye. Ya ce, “’Yar Kaɗo, ubanki zai ce na makara.” Na durƙusa na ajiye kwano.

Da ya gama ya tara modar duka a inuwar ɗorawa. Bai dasa ko ɗaya ba. Maigidana ya ce a kawo ’yan ƙwadago su jera ta a bin igiya, Baffa ya ce a’a. Ya ce tugewa aikinsa ne, ya yi. Dasa iyaka kuwa mutum biyu ne suke yi, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Sannan ya dubi ɗansa ya ce, “Kai kuma ka bar yarinyar mutane ta je ta ga uwarta. Ni na ce ka tsare ta?”

Ranar Juma’ar da ta wuce na tsallaka rafi da Abba a hannu. Na yi masa wanka, na sa masa rigar salla. Tun daga zaure nake sallama, Inna ta amsa daga ɗaki, ta fito tana dafa bango. Ta dubi wajen da muryata take, ba wajen da nake ba. Na tura mata Abba. Ta durƙusa ta shafa kansa, ta shafa goshinsa da hancinsa, ta kama kunnuwansa biyu ta ce, “Hajo, kunnuwan Malam ne.” Ta tambaye ni har yanzu fari ne kamar ubansa ko ya yi baƙi kamar mu. Abba ya ɓuya a bayan zanena, don bai san ta ba. Rigar sallar da na sa masa, ni kaɗai na gan ta. An ce in an kai ta Kano ana iya cire yanar, Allah ya sa. Amma daminar nan biyu da take iya ganinsa, yana tsallaken rafi, ba mai dawo mana da su.

Yaya Sani ba ya gida, ya koma Ƙafin Maiyaki kan babur ɗinsa. An ce labari ya kai masa, amma bai zo ba. Na san halinsa, ba taurin zuciya ba ne, nauyin abin da ya faɗa ne ya hana shi ɗaga ƙafa. Na kuma san wajen mai shayin da yake zama akan karanta jarida da safe. Yaya, in wannan ta iso ka, ni ce Hajara. Ba wanda ya ce sai ka durƙusa. Fartanyar Baba tana saƙale a ɗakin Inna, ƙota ce kawai take son a sake mata.

In na auna abin da Baba ya bari, igiyoyinsa sun kusa ƙarewa, na ƙarshen su ne suke shan rana yanzu tsakanin ɗorawa da dutse. Sana’arsa ba wanda ya gada. Sunansa yana kan yaron da bai gan shi ba. Da na ɗauka modar ce za ta fi komai daɗewa, tunda ba ta mutuwa. Yanzu na gane ba ita take tsare iyakar ba. Mutum biyu ne da suke yarda kowa ya shiga gonar ɗan’uwansa da fartanya, ɗaya ya tafi, ɗayan ya tsufa.

Jiya na bi ta wurin na yayyafa wa tarin ruwa, na juya na ƙasa zuwa sama. Ganyen gefe sun fara yaushi, na tsakiya suna nan kore shar. Baba ya sha gaya mini moda takan daɗe a tuge ba ta mutu ba. Ban taɓa tambayarsa ko har yaushe ba.